Tankin da Ya Ɗaga Ɗakin Mama

Litinin

Yaya,

Daɓen ɗakin Mama ya tashi sama. Kusurwar da ke wajen taga ta ɗaga kimanin faɗin tafin hannu, bangon da ke kallon titi ya tsage, ƙofar kuma ta daina rufuwa. Babu wanda ya ji ciwo.

Ka yafe mini na sa labari gaban gaisuwa, aikin gyara rubutun 'yan rahoto ne ya ɓata ni. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da kai da abokan aikinka na ɗakin injin. Ya teku, ya zafin aiki? Mama tana gaishe ka, Auta da matarsa ma haka. Na san wannan saƙo zai zauna a akwatinka har sai jirginku ya kusanci gaɓa, amma ba ni da wata hanyar da zan same ka, kuma amsarka nake nema.

Ga abin da na tabbatar. Ka tuna lokacin da Mama ta yi ciwon ciki, ka kira ka ce kana zargin ruwan tankin ƙasa, a kwashe shi kaf, a wanke, a cire bututun da ke kawo masa ruwan rufi, a sa kwaɗo a murfin har ka dawo ka sa a sake masa shafe. An yi duk yadda ka ce. Auta ya kawo injin jan ruwa, mai gyaran famfo ya juya bututun zuwa kwata, Mama ta karɓi makulli ta ɗaure a bakin zanenta. A lokacin ruwan sama bai kankama ba. Tun da ya kankama kuwa bai huta ba. Ƙasar unguwar ta sha ta ƙoshi, rijiyar maƙwabta ma yanzu ba sai da igiya ake ɗiba ba.

Mama ce ta fara lura. Ta ce lemun da ta ajiye a gefen gado ya faɗi, ya gangara da kansa har bakin ƙofa kamar an aike shi. Auta ya yi mata dariya. Washegari ƙofa ta ƙi rufuwa, dariya ta ƙare.

Na kira injiniyar gine-ginen da muke tuntuɓa a jarida idan gini ya rufta. Mace ce mai ƙarancin magana, Mama ta raɗa mata suna Mai Hular Kwano. Ta zagaya gidan, ta tona ɗan rami a gefen baranda, kafin ta kai zurfin gwiwa ruwa ya taru a ciki. Da ta ji cewa marigayi Baba ya ɗora rabin ɗakin ne a kan rufin tankin saboda ƙarancin fili, kuma tankin babu komai a cikinsa, sai ta rufe littafinta ta ce mini ɗakin ba nitsewa yake ba, yawo yake a kan ruwa.

Na ce mata kankare ai nitsewa yake yi. Ta ce dunƙulen kankare ne ke nitsewa. Wanda aka yi akwati da shi aka bar cikinsa iska, ba haka yake ba. Ruwa ba ruwansa da abin da aka ƙera abu da shi. Yana tura shi sama ne da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya kora daga wurinsa. Idan abin ya fi wannan nauyi, ya zauna. Idan bai kai ba, ya tashi. A ƙiyasinta, wurin da tankin ya tare a cikin ƙasa zai ɗauki ruwa tan ashirin da takwas. Tankin da kansa, haɗe da ɓangaren ɗakin da ke kansa, bai wuce tan ashirin da biyar ba. Shekarun nan duka abin da ke danne shi a ƙasa shi ne ruwan cikinsa, lita dubu ashirin, wato tan ashirin, tunda kowace lita kilo ɗaya ce. Mun kwashe su da hannunmu. Na san ba sai na yi maka dogon bayani ba, kai da kake kwana kana tashi a cikin ƙarfen da ke yawo a kan teku.

Maganin, in ji ta, shi ne a mayar da ruwan, amma kaɗan-kaɗan, domin laka ta riga ta shiga ƙarƙashin gefen da ya ɗaga. In aka zuba da yawa lokaci guda, gindin tankin zai iya tsagewa. In kuma aka bar shi haka, ruwan sama ya ƙaru, bangon zai buɗe yadda ba zai gyaru ba, dole a rushe ɗakin. Ta manna 'yan gilasai uku da siminti a kan tsagar bangon. Ta ce gilashi ba ya lanƙwasa, in bangon ya sake motsi ko kaɗan ne, zai fashe ya faɗa mana.

Ka san abin da rushe ɗakin nan yake nufi. Sauran ɗakuna biyun Auta da iyalinsa sun cika su. Saura gidana, hawa na uku, babu lif, ga gwiwoyin Mama. In ta hau, ba za ta ƙara sauka ba sai an ɗauko ta. Tagarta da take zama tana amsa gaisuwar duk mai wucewa, shi ke nan.

To ga inda muka maƙale. Mama ta ƙi ba da makulli. Ta ce ta yi maka alkawari ko ɗigo ba zai shiga tankin ba sai ka dawo. Auta ya ce a fasa kwaɗon, ta ce duk wanda ya taɓa shi ya taɓa ta. Da ƙyar muka shawo kanta ta koma kwana a falo, muka fito mata da magungunanta da darduma da hoton jirginku da ke rataye a kan gadonta.

Ba ina ɗora maka laifi ba ne, Yaya. Ni ma ina tsaye aka kwashe ruwan, ban ce uffan ba. Layi ɗaya kawai nake roƙo, ka ce a buɗe a zuba.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Jan Biro

Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata ka wuni lafiya, Allah ya sa teku a kwance take. Mu dai jiki lafiya, hankali ne ba a kwance ba.

Gilashi ɗaya ya fashe, na ƙasa. Amsarka ba ta zo ba. Na kira ofishin kamfaninku, wani mai murya kamar yana karanta sanarwa ya ce jirgin na tsakiyar hanya, za a isar da saƙo idan hali ya yi. Na tambaye shi yaushe hali zai yi, ya maimaita mini jimlar daga farko.

Fashewar gilashin aikin Auta ne, ko da yake da kyakkyawar niyya. Ya ji ana maganar nauyi, sai ya ce tunda Mama ta hana ruwa, bari a danne da wani abu. Ban sani ba, ina wurin aiki, ya sa aka kawo bulo a kura aka jibge su a kusurwar da ta ɗaga. Ban ce tunaninsa ya kauce gaba ɗaya ba, nauyi ake nema kuma nauyi ya kawo. Amma bulon duka bai kai tan ɗaya ba, kuma ya tara su wuri guda a kan daɓen da ba a yi shi don haka ba. Tayil ya farfashe, tankin bai ko gezau ba. Injiniya ta zo ta duba, ta tambaye shi cikin sanyin murya ko yana da niyyar gina wani ɗakin ne a cikin wannan. Ta ce ruwa ya fi bulo domin yana zama a can gindi, kuma yana raba kansa daidai ko'ina ba sai an gaya masa ba. Auta ya kwashe bulonsa yana gumi. Matarsa tun daga lokacin take kiran sa Babban Injiniya, ba ya amsawa.

Kawu ma ya zo da tasa shawarar, wai a sa injin a zuƙe ruwan da ke kewaye da tankin. Injiniya ta ce ruwan unguwar duka ne, in ka ja wani zai biyo, kuma zai taho da yashin da ke ƙarƙashin harsashin gidanmu da na maƙwabta. Kawu ya ce a zamaninsu ba a wannan dogon Turanci. Ya sha shayi ya tafi.

Ni kuma na gwada tawa dabarar. Na cika baho da ruwa a gaban Mama, na ɗauko tukunya babu komai na danna ta ciki, na saki, ta yi tsalle ta dawo sama. Na ce ta danna da kanta ta ji yadda ruwan ke ture hannu. Ta danna. Sai na riƙa zuba ruwa a tukunyar da kofi har ta sauka ta zauna a gindin bahon. Na ɗaga kai ina jiran ta ce ta gane. Ta kalle ni ta ce, “Ke Jan Biro, ruwa ya ɗaga mini ɗaki, ke kuma ki ce a ƙara ruwa. Karatun naku ke nan?” Na fara kawo mata lissafin tan-tan ɗin nan, ta ce wannan tukunya ce, ɗakinta ba tukunya ba ne, in goge mata abarta in mayar inda na ɗauko.

Daga baya na fahimci ba lissafin ne ya gagare ta ba. Ta ce mini game da kai, “Babba yana can kan ruwa, ba ƙasa ba sama. Abu ɗaya ya roƙe ni. In ya dawo ya ga na karya, da wane ido zan dube shi?” Ka san tun rasuwar Baba maganarka ce maganar gidan nan a wurinta, ko kana kusa ko kana nesa.

Na kasa zama wuri ɗaya. A ofis na bar kuskure ya wuce a kanun shafin farko, abin da ban taɓa yi ba, edita ya aiko a tambaya ko lafiya. Ina gyara rubutu ina leƙa taga. Masu hasashen yanayi sun ce akwai ruwa mai ƙarfi a ƙarshen mako. Na yi tunanin in ce mata ka aiko da saƙo ka yarda, har na tsara kalmomin a kaina. Na kasa. Za ta ce in karanta mata, kuma ta san yadda kake magana.

Don Allah ka amsa.

Ƙanwarka,
Jan Biro

Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. An buɗe tankin. Mama ce ta buɗe da hannunta, ta kuma ce in rubuta maka haka ba tare da na gyara mata zance ba.

Jiya da hantsi na je na same ta a falo, hoton jirginku a kan cinyarta tana goge gilashinsa. Gilashin bango na biyu ya fashe da safe, Auta ya fita don kada ya faɗi abin da zai yi nadamarsa. Ni ma na gaji da magana, na zauna kawai. Can sai ta nuna jan fentin da ke ƙasan jirgin, wanda ya fito fili sosai a hoton, ta tambaye ni ko na san dalilin da ya sa ake ganin sa. Na ce ban taɓa lura ba.

Ta ce ita ta tambaye ka ranar da ka kawo mata hoton. Ka ce mata a ranar jirgin yunwa yake ji, an sauke kayansa, shi ya sa ya taso sama har jan cikinsa ya bayyana. Ka ce ba a fita teku da shi haka, iska za ta yi ta wasa da shi, sai an buɗe masa wasu ɗakuna a can ƙasa ya sha ruwan teku ya ƙoshi, sannan ya zauna daram. Ta ce maganar ta hana ta sukuni har ka koma, wai mutane da hankalinsu su zuba ruwa a cikin jirgin da ɗanta yake ciki. Kai kuma kana ta yi mata dariya kana cewa, Mama, jirgin da babu komai a cikinsa shi ne abin tsoro.

Sannan ta ce, “Ashe yaron nan aikinsa ya manta.” Ta ce Babban da ya ce a kulle tanki yana cikin tashin hankalin ciwonta ne, wanda ya yi mata bayanin jirgi kuwa hankalinsa a kwance yake, don haka maganar na biyun za ta bi. Ta kwance makullin daga bakin zane, na miƙa hannu, ta ture shi. Ta ce ita ta ɗauki alkawari, ita za ta sauke. Ta dafa kafaɗata muka fita baranda, ta sunkuya da gwiwoyin nan nata ta buɗe kwaɗon. Ya ɗan yi tsatsa, sai da ta yi ta murɗawa.

Ban ji daɗi ba da farko, gaskiya. Na kawo injiniya, na kawo baho da lissafi, ashe abin da ake nema yana rataye a kan gadonta. Amma wannan damuwata ce, ba ta ɗakin ba.

Injiniya ta zo da wuri. Ta hana a kira tankar ruwa, ta hana a mayar da bututun rufi tukuna, domin ruwan sama ba a iya ce masa ya dakata. Tiyo muka ja daga famfo. Ta yi wa wani dogon katako alamomi, ta ce a zuba zuwa alama ɗaya, a rufe, a jira, a duba bango, sannan a ci gaba. Auta ne ke riƙe da katakon, kuma ban taɓa ganin sa da natsuwa irin wannan ba. Sau ɗaya muka ji wata ƙara daga ƙasa kamar an ja tebur mai nauyi, matar Auta ta yi salati ta ruga waje. Injiniya ta haska fitila cikin tankin, ta daɗe tana dubawa, ta ce zama yake yi, a ci gaba.

Yanzu ruwan ya wuce rabi. Ta ce tankin ya riga ya fi ƙarfin ruwan ƙasa, ba zai ƙara tashi ba. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda zai zauna a kan lakar da ta shiga ƙarƙashinsa, da kuma ko bangon zai jure komawa. Na tambaye ta kai tsaye ko ɗakin zai tsira. Ta ce ba ta faɗin abin da ba ta auna ba. Na so in ji haushi, sai na tuna abin da nake gaya wa 'yan rahoto ke nan kullum.

Hadari na haɗuwa ta gabas. Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka,
Jan Biro

Talata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonninka biyu sun iso tare jiya. Mun gode Allah da kake lafiya.

Na farkon, wanda ka rubuta bayan karanta wasiƙata ta Litinin, na karanta wa Mama: a cika shi, amma a hankali, a hankali. Ta ce in gaya maka an riga ka. Na biyun ban karanta mata duka ba. Wurin da ka ce kai da kake auna ruwan cikin jirgi kullum bai kamata a ce ka yi wannan kuskure ba, da wurin da ka ce za ka ajiye aiki a tasha ta gaba ka taho, na tsallake su. Ta gane na tsallake wani abu. Ta ce, “Ki faɗa masa ya zauna ya yi aikinsa. Bai taɓa ganin gida a kan ruwa ba, mu ma ba mu taɓa gani ba.” Ta ƙara da cewa ta karya maka alkawari, ka yafe mata, ita ma ta yafe maka tayil ɗinta. Ni ma ra'ayina ke nan, kada ka ajiye komai. Zuwanka ba zai ƙara wa tankin kilo ɗaya ba.

Ga halin da ake ciki. Tankin ya cika, kuma ruwan bai ragu a kan katakon ba, alamar gindinsa bai tsage ba. Kusurwar ta sauka, amma ba duka ba, saura kamar kaurin yatsa biyu, injiniya ta ce wannan ya zauna ke nan. Ƙofa tana rufuwa in an sa kafaɗa. Mama ta sa na ajiye lemu a gefen gado don ta gani da idonta. Ya ɗan gangara, ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Ta ce da can har bakin ƙofa yake kai wa, an samu ci gaba. Ruwan sha kuma daga famfo ake ɗiba ana tafasawa, na tankin aikinsa yanzu zama ne kawai.

Injiniya ta cire tsofaffin gilasan ta manna sababbi uku. Sharaɗinta ɗaya ne. Ruwan ƙarshen mako bai yi ƙarfin da aka ce ba, don haka ba ta lissafa shi. In aka yi ruwa mai ƙarfi na gaske gilasan suka kwana lafiya, za a ɗinke bangon da rodi a cike tsagar, Mama ta koma ɗakinta. In ko ɗaya ya fashe, za a rushe. Mama har yanzu a falo take kwana, amma ta sa Auta ya mayar da hoton jirginku kan ƙusarsa. Na ce ta bari a ji hukunci tukuna, ta ce hoto ba ya jin tsoro.

Auta yana gaishe ka. Ya ce in ka tashi dawowa ka taho masa da hular kwano, tunda an riga an ba shi muƙamin.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Jan Biro

Ƙari, Laraba: An yi ruwan. Tun la'asar ɗin jiya ake zuba shi har kwata ta cika ta malalo kan titi. Da safe na biya kafin in tafi ofis, na duba gilasan da tabarau, na bi kowanne da farce. Duka ukun ba su fashe ba. Injiniya ba ta gan su ba tukuna, ta ce za ta zo da yamma da abin awonta.